Shingen da Sodangi Ya Haɗa

Sodangi bawana ne. Kada ku yi mani wani kallo, taubashina ne. Uwarshi Inno yayar babana ce, ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka ko da ya girme ni da shekara goma sha biyar, ko da gemunshi ya yi fari fat, in na gan shi sai na ce, "Bawa, an tashi lafiya?" Shi kuma ya ce, "Lafiya lau, ubangidan da bai da ko akuya." Haka muke tun ina yaro. Ni ne Abdulrauf, fataucin ƙwarya nike yi. In saya a garinmu, Tungar Baure, nan kusa da Gatawa, in kai kasuwar Sabon Birni, in hanya ta yi kyau in ƙetara da ita Gidan Rumji da Maraɗi. Rabin abin da na ci a duniya daga gonar Sodangi ya fito, shi ya sa nike da bakin ba da labarinshi.

Manomin duma ne. Yana yin gero da dawa kamar kowa, amma a ƙasarmu in ka ce Sodangi to duma ka ce. Kuma ba kowane duma ba, irin Inno. Wani iri ne da tsohuwar ta zo da shi daga gidansu, ƙulle a bakin zane, tun ba a haifi ko ɗayanmu ba. Masaki yake fiddawa, babbar ƙwaryar nan da sai mata biyu sun kama in an cika ta da fura, mai kaurin da ko ta faɗi ƙasa ba ta tsagewa, sai dai ta yi ƙara ta mirgina. Matan Fulani na wajen Kurawa kan yi mako suna jiran in iso da ita. Kowace shekara in ya fafe dumanshi, sai ya zaɓi 'ya'yan wanda ya fi girma, ya shanya, ya zuba cikin wani ɗan gora mai toshiyar tsumma, ya rataye a ɗaki. Bai sayar da irin, bai kyauta da shi. Na roƙe shi ya fi sau ashirin.

"Kai da ko barkono ba ka iya rayawa?" Amsar da nike samu ke nan.

Gonarshi tana gindin burtali, daidai inda ya gangara fadama. Hanyar shanu ce da kakanni sunka bari tsakanin gonaki, tun daga dajin arewa har bakin gulbi, dama da hagu an kafe ta da aguwa don kada dabba ta faɗa ma amfanin mutane. Da shekaru sunka yi nisa sai shingen ya koma wani siririn daji: geza, sabara, dashi, magarya, kalgo, ga yaɗiya ta naɗe su gaba ɗaya. Muna yara in ka bi ta wurin da hantsi, ƙugin ƙwari kake ji kamar ana niƙa a wani gida can nesa. Ba wanda ya taɓa kula da shi, ai abin da ke nan kullum ba a kallonshi.

Sai zaman lafiya ya ƙare. Makiyayan da munka sani tun iyaye sunka kwashe, wasu Nijar, wasu ban san inda sunka nufa ba, daji ya koma hannun 'yan bindiga. Shanu sunka daina bin burtali. To kun san mutanenmu da ƙasa. Gonakin nesa sun gagara zuwa, kowa ya matso kusa da gari, sai wanga ya tuge aguwar da ke gefenshi ya ƙara kunya biyar, wancan ya sare geza ya yi makamashi ya ƙara goma. Ba za ni wanke kaina ba, gonar gidanmu ma ta ci rabonta. Cikin damina uku shingen ya koma kamar bakin tsoho, haƙori nan, giɓi can.

Lokacin ne duman Sodangi ya fara yi mashi gardama. Yaɗo lafiya lau, ganye shar, fure fari ko'ina, amma 'yan ƙullin da ke gindin furen sai su yi rawaya su zube. Gonar da ke ba shi masaki ɗari ta ba shi talatin. Kowa ya kawo nashi sani. Wani ya ce taki ne, wani ya ce iri ya tsufa, Fatu matarshi ta ce baki ne, a nemo rubutu a yayyafa. Ni kuwa, mai wayon gari, na taho mashi da maganin feshi daga Maraɗi ina ta cika baki. Sau ɗaya ya fesa. Washegari ya iske galla, 'yan mitsi-mitsin ƙudajen nan marasa harbi masu zuma mai ɗan tsami, sun mutu cikin furanni. Ya ɗauko sauran maganin ya dire mani a ƙofar gida, ko sallama bai yi ba.

Sodangi mutum ne mai kallo. Yana iya tsugunnawa gaban abu ɗaya har kai da ke tsaye ka gaji don tausayin gwiwarshi. Damina ta gaba a tsugunne ya ƙare ta. Furen duma bai buɗewa sai rana ta yi sanyi, can bayan la'asar, ya kwana a buɗe, hantsi na ɗagawa ya yamutse. Kuma iri biyu ne, akwai namiji mai dogon wuya, akwai mace mai ɗan ƙulli a gindi, sai wani abu ya ɗebo garin wancan ya kai ma wagga kafin ɗa ya kama. Da almuru faɗa-wuta ke aikin, manyan nan masu dogon baki da ke tsayawa cak cikin iska gaban fure. Da sassafe galla da ƙudan zuma su ƙarasa. Duk wanga da idonshi ya gani. Abin da ya rage mashi shi ne daga ina suke zuwa, kuma me ya sa sunka ragu. Sai ya bi shingen daga gonarshi ya yi arewa, yana taku yana ƙirgawa. Inda shinge ke haɗe, ƙwari na nan jingim. Inda giɓi ya wuce taku ɗari na fili tsirara, ba inuwa ba fure, sai ya ga ƙananan sun tsaya can ƙetare, ɗaiɗai ke tsallakowa.

Ya same ni ina ɗaure kaya a zaure.

"Ubangida, na gano ɓarawon dumana."

"Madalla. Wane ne?"

"Kai ne. Da kai da duk wanda ya tuge aguwa. Ƙwarin ga ba daga sama suke faɗowa ba, hanya gare su kamar shanu. Ku kunka yanke masu ita."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Bawa, tsufa ta kai ta fara kama ka. Yanzu ƙuda ma sai an bar mashi burtali?"

"Giɓi goma sha ɗaya ne, na ƙirga," in ji shi. "Za ni haɗa su."

Aguwa ba a shuka ta, kafa ta ake yi. Ana saro reshe da bazara, lokacin da zafi ke neman narka mutum, a bar shi kwana biyu madarar da ke cikinshi ta tsane, a kafa a busasshiyar ƙasa. In ka jira ruwa ya sauka ruɓewa take yi. Don haka sa'ad da kowa ke kwance gindin itacen bedi yana fifita, Sodangi na bisa hanya da jakinshi da damin aguwa. Madarar ta lalata mashi riguna, ta taɓa faɗa mashi ido ya yi kwana uku yana lalube. Amma wahalar kafawa wasa ce a kan wahalar roƙo, don giɓin nan duka sun riga sun shige cikin gonakin mutane. Gida-gida ya bi, dattijo da furfura, yana tuɓe takalmi a zauren sa'o'in 'ya'yanshi, yana roƙon kamu biyu na gefen gona. Bai cewa don ƙwari, ya san irin dariyata za a yi mashi. Cewa yake shinge na tare iska da awaki. Wanda ya ƙi, sai ya aika ma uwargidanshi masaki, kwana biyu mutumin ya sauko da kanshi. Akwai wani mai taurin kai da sai da Sodangi ya taya shi huɗa yini biyu kafin ya yarda.

Tsakanin aguwar yana tura 'ya'yan magarya da kalgo da ya tsinto cikin kashin awaki, wai waɗanda sunka bi ta cikin akuya sun fi saurin tsira. Ya tono saiwar yaɗiya ya dasa. Ko ruɓaɓɓen kututture bai bari a ɗauka, ya ce gidan wasu ƙwari ne. Mata masu neman itace sun tsane shi, wallahi, har suna sunka laƙa mashi, Sarkin Ƙwari. Ya amsa abinshi, in an kira ya waiwaya.

Giɓin gidanmu ne na ƙarshe. Ƙanena Kamalu ke noma gonar tun da ni kullum ina bisa hanya. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, mai sanyin hali, ba irina ba. Ni na so a ja ma Sodangi rai don tsokana, in ce sai ya durƙusa ma ubangidanshi. Kamalu ya ce, "Haba Yaya, kamu biyu ne fa. Yaya Sodangi, kafa abinka." Shi ya riƙa miƙa mashi rassan ɗaya bayan ɗaya har sunka kai ƙarshen gonar.

Shekara huɗu aikin ya ci. A damina ta biyar shingen ya haɗe tun daga bakin daji har fadama. Bai kai na da kauri ba, amma wuri-wuri ya wuce tsayin mutum. Kuma ƙwarin sun dawo, wanga ba labari anka ba ni ba. Ya ja ni gonar bayan la'asar, munka tsuguna, furanni na buɗewa muna kallo, sai ga su nan ta bisa aguwa, wani na bin wani, har ɗaya ya goge ni a kunne. Tsohon nan ya kama hannuna ya matse kamar zai karya shi. Masaki tamanin da shida ya fafe a shekarar. Waken mutane ya yi, kuɓewa ta yi, kabewar Kamalu har ta rasa masu ci. Waɗanda sunka yi mashi dariya sunka ce albarkar ruwa ce, bai yi musu da kowa ba. Ni dai na ce, "Bawa, na 'yanta ka na yini ɗaya." Ya ce bai so, in ya tafi wa zai riƙa ciyar da ni.

Damina ta gaba, ran wata Talata, gero na fid da kai, da hantsi kowa na gona. 'Yan bindiga sun ajiye baburansu can bakin daji, sunka biyo shingen a ƙasa ta gefen da ba a hangowa daga gari, har sunka iso gonarmu ba wanda ya gan su. Shanun huɗar da Kamalu ya ɗaure suna kiwo sunka zo kora. Shi kuma ya riƙe igiya. Ina kasuwa anka kira ni a waya. Kafin in iso an rufe shi da zanen matarshi, nan gindin aguwar da ya miƙa da hannunshi.

Ran sadakar uku mai gari ya tara mutane a ƙofar gidanshi, har da 'yan sa-kai masu tsaron gari. Ni na fara magana, kuma ba za ni ɓoye ba, ihu na yi. Na ce duk wani abu da ya wuce gwiwa tsakanin gari da daji a sare shi. Na nuna Sodangi da yatsa gaban jama'a, mutumin da ya goya ni ina ƙarami, na ce, "Ga wanda ya gina masu hanya nan zaune! Don ƙuda! Don ƙwarya!" Ban ce mashi bawa ba ran nan, sunanshi na kira gatsau. Jira nike ya yi gardama in ƙara mashi, don zuciyata neman wanda za ta ci take yi. Ya ɗago kai, idanu jawur, ya ce, "Gaskiya ya faɗi. Ta nan sunka biyo, ni ma na ga sawun." Ya tashi ya tafi gida, ya dawo da gatari.

Abin da ya ci mashi shekara huɗu, kwana biyu munka yi mun gama da shi. Shi ke gaba wurin sara. Wallahi da kuka ya yi, ko ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Abu ɗaya tak ya roƙa, wani kututturen dashi mai kogo da galla ke ciki, ya ce a bar shi tun da gajere ne. Wani ɗan sa-kai ya auna da ƙafarshi, ya ce ya ɗara gwiwa, ya jefa shi cikin wuta tare da sauran. Har yau ban san ko mun yi daidai ba. Daga bisa rufin masallaci yanzu ana hango bakin daji tas, kuma sau biyu hangen nan ya sa mutane sunka tsira da ransu. Sau ɗaya kuma 'yan bindigar ta gabas sunka zo, inda ba a taɓa yin shinge ba.

Damina ta zagayo, Sodangi ya shuka dumanshi. Fure ya yi fari fat, gona shiru kamar gidan da anka tashi. Ya ce to, shi zai zama ƙwaron. Ya figo gashin zakara, wai zai riƙa shafo garin namiji yana shafa ma mace da hannu. Amma dokar gari ta riga shi. Tun bayan Kamalu, 'yan sa-kai ba su barin kowa ya fita sai hantsi ya ɗaga sun duba hanya, kuma kafin a kira la'asar kowa ya kasance cikin gari. In Sodangi ya isa da hantsi, ya iske furannin jiya sun yamutse. In zai taso, ya bar na yau a dunƙule suna shirin buɗewa. Sau ɗaya ya laɓe cikin yaɗo ya ƙi dawowa, 'yan sa-kai sunka je sunka taho da shi bisa babur da gashin zakaranshi a hannu. Mai gari ya ce mashi, "Malam Sodangi, in anka ɗauke ka, mutum nawa za su mutu wurin nemanka?" Bai sake ba.

Ba irin dabarar da bai yi ba. Ya tsaga fure da farce tun bai buɗe ba, ya iske garin bai nuna ba. Ya shuka a bayan ɗakinshi inda yake iya tsayawa har magariba, amma irin Inno ƙasar fadama ya sani. A tsandaurin gida ɗan ya kama, ya kai girman ƙoƙo ya tsaya, da ya fafe shi 'ya'yan duk fanko. Gonar ta ba shi masaki bakwai a shekarar, ta gaba ta ba shi biyu, su ma ƙanana. Kowace damina yana ɗiba cikin ɗan goran nan, abin da yake mayarwa bai kai abin da ya ɗiba ba.

Duk tsawon lokacin ga ba mu yi wasa ba ko sau ɗaya. Gaisuwa dai sama-sama. Kunyarshi nike ji, kunyar kuma tana ba ni haushi, in na hango shi sai in sake hanya. Bara waccan da bazara sai ga shi ya yi sallama a zaurena da goran a hannu. Ya zauna bisa tabarma, ya girgiza shi kusa da kunnena. Ƙarar ba ta da yawa. Ya juye a tafin hannu, guda tara.

"Ubangida," ya ce.

Rabon da ya kira ni haka tun kafin ran taron nan. Na sunkuyar da kai.

"Kai ke yawon duniya. Ka kai su inda shinge ke haɗe da daji, inda mutum ke iya zama gonarshi har magariba. Ka ba wanda zai kula da su, kada ka ba raggo irinka."

"Yaya, ni? Bayan abin da na faɗa maka gaban mutane?"

"Kamalu ƙanena ne ni ma. Karɓi. Ka dai yi sauri, irin duma bai wuce damina uku a ajiye, huɗu in ya yi ƙoƙari. Waɗanga sun riga sun ci ɗaya."

Abin da na roƙa sau ashirin anka hana ni, ga shi a hannuna, kuma ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyinshi ba. Na ɗauka wuri ba zai yi wuyar samu ba. Na bi wajen Isa, na tambaya a Tozai, na tambayi fatake 'yan'uwana a kowace kasuwa. Ko'ina labarin ɗaya ne: inda daji ya rage ba mai iya zama, inda ake iya zama an share daji. Na ƙetara iyaka, jandarma sunka zazzage aljihuna, sunka kwance ƙullin, sunka yi dariya sunka mayar mani. Can gaba da Gidan Rumji na faɗa wani ƙauye mai itatuwa tsaye cikin gonaki da shingaye haɗe da juna, raina ya yi fari, na ba wani dattijo guda uku, na yi mashi bayani har ya gaji da ni. Da na koma bayan kaka na iske ƙauyen ba kowa sai kaji biyu. Su ma abin ya iske su.

Watan jiya na ciri ɗaya cikin shidan da sunka rage, ban gaya ma kowa ba. Na naɗe shi cikin jiƙaƙƙen tsumma na tura ƙarƙashin randa. Irin Inno kwana biyar yake yi ya fasa baki, na sha ganin haka a gonar Sodangi. Na ba shi kwana goma sha biyu. Da na matsa shi da yatsa sai ya fashe, wani ruwa mai wari ya fito.

Sodangi yanzu idon nan da aguwa ta taɓa ya yi rauni, ɗayan ma yana bin shi. A ƙofar gida yake yini, mata na kawo mashi tsofaffin ƙore da sunka tsage yana ɗinkewa da lalube, da yawansu shi ya noma su. Jiya na zo wucewa ina sanɗa, ashe ya gane takuna.

"Ubangida, ka samu wurin?"

"Ina nema, Bawa."

"To. Kada dai ka sa su aljihun gaba, zufa na kashe su."

Na ce to. Na wuce ina dafe da aljihun gefe, inda biyar ɗin suke. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, damina ta huɗu ke nan da suke ajiye.